Shekarar da Na Koyi Rataya Jar Tukunya

Mata suna ce min mai sa'a, wai ga ni mace a Gwarzo da sana'ar da maza da yawa ba su iya ba. Nakan ce alhamdu lillahi in ja bakina. Amma in gaskiya ake so, ban koyi sana'ar nan don ina sonta ba. Na koye ta ne don kada mijina ya tafi.

Sana'arsa ce tun kafin ya aure ni. Tukwanen kashe gobara yake kafa wa mutane, jajayen nan da ake gani a rataye a gidajen mai da asibitoci, kuma shi yake zagayawa yana duba su, wadda ta yi sanyi ya sauke ta ya kai Kano a sake cika ta. A birni ya koya, a hannun wani ubangidansa mai kamfani, kuma can ba a tukwane aikin ya tsaya ba. Bututun ruwa suke ja cikin rufin manyan benaye, su sa masa wasu 'yan kawuna masu fesa ruwa da kansu in zafi ya kai musu, da ƙararrawar da ke jin hayaƙi tun kafin hancin mutum ya ji. In Malam, mijin nawa, ya fara ba ni labarin wannan aikin, tuwo yakan huce a gabansa bai sani ba. Rashin lafiyar mahaifinsa ce ta dawo da shi gida, da tsohon ya rasu kuma ya zauna saboda Inna, mahaifiyarsa. Daga baya ƙannensa suka girma suka yi aure a cikin gidan, Inna ba ta rasa mai kula da ita ba, shi kuma ubangidan ya koma Abuja da kamfaninsa bai manta da yaronsa ba. Lokaci-lokaci wayar za ta yi ƙara, sai in ga Malam ya miƙe tsaye kamar mutumin yana gabansa, yana cewa, "Ranka ya daɗe, bari dai mu gani." Wannan "bari mu gani" ita ta hana ni sakewa shekara da shekaru.

Ni 'yar garin Kara ce, gidanmu gidan shanu ne tun kakanni. Kafin Baba ya zauna ya rungumi noma, duk rani yakan kora garke kudu, kuma na taso ina ganin mahaifiyata tana fita bakin danga wai za ta kwashe shanya, alhali babu abin da ta shanya, hanyar dawowarsa take dubawa. Tun ina yarinya na ce ni kam Allah Ya raba ni da auren matafiyi. Da aka ce ga mai nemana, mazaunin Gwarzo, mai sana'a a hannu, har rawa na yi a ɗaki.

Sai dai sana'ar ba ta da kasuwa a wajenmu. Ka je wa mutum da zancen gobara, ya ɓata rai ya ce mugun fata kake yi masa, shi da ya kwana lafiya ya tashi lafiya. Masu gidajen mai suna saye don hukuma ta tilasta musu, makarantun kwana ma haka. Sai wasu alhazai jefi-jefi, su kuma duk bakinsu ɗaya: a rataya a zaure. Dalili kuwa, baƙon namiji ba ya shiga cikin gida, ko an yi masa iso ya shiga, mata duk sun shige ɗaka sun saki labule har ya gama ya fita. Ga shi kuma a zaure ne baƙi za su gani su san maigidan wayayye ne. Wasu ko ledar ba sa yarda a cire, yadda ake barin ledar sabuwar katifa. Sannan a tara mata da yara a ja musu kunne, abin nan mai tsada ne, kada wanda ya kuskura ya taɓa. Malam yakan ce, "Alhaji, ai ba a zaure ake girki ba." Alhaji ya ce, "Kai dai rataya inda na nuna maka." Sai ya rataya.

A Kabo abin ya faru, a gidan wani Alhaji mai sayar da hatsi. Lokacin girki da gas ya fara shigowa gidaje, kowace mace tana son ta huta da hayaƙin itace. Matar ɗan Alhajin, yarinya ce da ba ta daɗe da tarewa ba, tana soya awara da hantsi, mai ya yi zafi ya kama da wuta. Ta yi abin da kowaccenmu za ta yi, ta ɗauki bokitin ruwa ta watsa. Wutar ta yi tsalle ta kama rufin madafa, ta lashe mata hannu. Matan gidan suka kwashi yara suka yi waje da salati, ta zaure, ta ƙarƙashin jar tukunyar suka wuce, babu wadda ta ko ɗaga kai ta dube ta. Maƙwabta ne suka kashe wutar da yashi da jiƙaƙƙun buhuna, bayan ta cinye madafar.

Kashegari Malam ya je jaje. Ya tarar da tukunyarsa a inda ya rataya ta, cikin ledarta, allurar agogon da ke nuna cikarta a kan kore, lafiyarta ƙalau. A gaban mutane Alhajin ya ce masa, "To Malam, abin naka dai bai yi mana rana ba."

Da la'asar ya dawo, ya jingine babur, ya zauna a kan benci bai cire takalmi ba. Na kawo abinci bai buɗe ba. Ya ce, "Aikin banza nake yi a ƙasar nan. Ado nake rataya wa mutane." Sai ya ciro waya. Duk zaman da muka yi ubangidan ne ke kira, ranar shi ya kira da hannunsa. Ina tsaye a bakin murhu na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, wurin nan yana nan har yanzu?" Ya saurara, ya ce, "To a ba ni zuwa bayan kaka."

 Na bar tukunya a kan wuta na zo na tsaya a kansa.

"Abuja za ka?"

"Ban ce ba tukuna."

"Ka ce mana, ai ba kurma ba ce ni. Saboda ba a barinka ka shiga cikin gida shi ne za ka bar garin gaba ɗaya? To ni ana barina. Ni zan shiga."

Ya ɗago ya dube ni, sai ya yi dariya, dariyar farko tun da ya dawo. Ya ce, "Ke da ko ashana kika ƙyasta sai kin kau da fuska?"

Na ce, "Ka koya min ka gani."

A lissafina abin a fili yake. Rashin kasuwa da baƙin cikin aikin da ba ya amfani su ne za su kore shi. In na buɗe masa cikin gidaje, aiki ya yi yawa, ya kuma ga amfaninsa da idonsa, ina zai sami ƙafar tafiya? Haka na tsara, kuma ban gaya wa kowa ba.

Yana da wata al'ada a aikinsa. Tukunyar da lokacinta ya yi dole a zazzage hodar cikinta kafin a sake cikawa, shi kuwa ba ya yarda a zubar da ita a banza, sai ya hura wuta a rabin duro ya tara ma'aikatan gidan mai su kashe da hannunsu. Da irin wannan ya fara koya min a tsakar gidanmu. Ya zuba kananzir a kan tsummoki ya ƙyasta, ya ce in ba iska baya, in zare fil ɗin da ke riƙe da hannun, in kama bakin tiyon in saita gindin wutar, ba harshenta ba, in matsa, in yi ta kai shi hagu da dama kamar mai shara. Na ce na gane. Na zare fil, na matsa, abin ya yi wani irin huci, ni kuwa na rufe ido gam na saki ihu. Da na buɗe, wuta tana ci abinta, akuyar Inna da ke ɗaure a turke ta koma fara fat tana atishawa, kuɓewar da aka shanya ma ta sami rabonta. Inna ta fito tana tafa hannu, ta ce, "Yau ga ikon Allah, akuyata ta yi furfura a yini ɗaya! Ke 'yar nan, me ta yi miki?" Matan ƙannensa har da zama a ƙasa don dariya. Na ji haushi, na ce a sake hurawa. A karo na gaba idona biyu, kuma na ga yadda wutar ta kwanta ta mutu a gabana. Ban taɓa sanin ana iya fin wuta ƙarfi ba.

Daga nan muka fara fita tare. In bar yara wurin Inna, in sa dogon hijabi, in hau bayan babur da tukunya a cinya kamar na rungumi jariri, wasu kuma a ɗaure a baya. Damina ce, dawa ta rufe hanya hagu da dama, iska tana ɗauke da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kai, hanyar nan ta Gwarzo zuwa Kabo! Ko yanzu in na rufe ido ina ganin kowace kwana tata. A gida ba ma hira. Gidan yawa ne, ga Inna ga ƙanne, kunya ba ta barin mace ta zauna tana ɓaɓatu da mijinta da rana tsaka. Amma a kan babur babu mai jinmu. Can na san Malam yana da tsokana. Yakan juyo ya ce, "Injiniya, a riƙe jaririn da kyau," in ce masa ya dubi gabansa kada ya zubar da injiniya a kwata. Can ya gaya min tun yana yaro yake tsoron wuta, saboda rumbunsu da ya ga ta cinye. Can ni ma na gaya masa abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba. Mukan tsaya a gindin wata tsamiya inda wata 'yar'uwarmu ke sayar da fura da nono, mu sha a ƙwarya ɗaya, abin da ko a makon amarcinmu ba mu yi ba. Ina kewar wannan hanyar fiye da yadda zan iya faɗa.

Gidan Alhajin Kabo na ce mu fara zuwa. Malam ya ce ba shi da fuskar komawa, na ce ni ina da ita. Ya tsaya a zaure suna gaisawa da maigidan, ni na yi sallama na kutsa. Uwargidan, wata Hajiya mai jiki da murya, ta karɓe ni da fara'a, aka shimfiɗa tabarma, muka gaisa, ya gida, ya yara, ya muka ji da abin da ya faru, Allah Ya kiyaye gaba. Da na ce na zo ne in nuna musu abin da za su yi in gobara ta sake tashi, sai fuskarta ta canza. Ta ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Daga zuwa jaje sai mugun fata?"

Ni kuma Allah bai yi ni da haƙurin magana ba. Na ce, "Haba Hajiya, ai ba bakina ya ƙone madafar nan ba, tun ban zo ba ta ƙone. Kuma ranar da ta ƙone maganinta yana rataye a zaurenku, kuka wuce shi da gudu."

 Na ce a raina shi ke nan, na ɓata wa Malam. Sai Hajiya ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Ce mana aka yi kada mu taɓa." Ta aika a gaya wa Alhaji a ciro abin daga zaure a miƙo ciki, kuma da irin muryar da ta yi aiken, ba a dawo da musu ba.

Ranar na fara huda bango. Malam ya miƙo min injin hudawar ta hannun wata jikar gidan, ya tsaya a bayan katangar zaure yana ɗaga murya: "Daidai ƙirjinki za ki auna, kada ya fi ƙarfin mai gajeren hannu! Kusa da ƙofa, ba bayan murhu ba, kada sai an ratsa wuta kafin a kai gare ta!" Ni kuma ina amsawa, "Na ji!" Mata suna ta ƙyalƙyala dariya wai yau ga miji da mata suna aiki ta kan katanga. Injin ya kusa ƙwace min, ramin farko ya karkace, amma na kafa maratayin, na yage ledar nan na rataya tukunyar.

Sannan na hura wuta a wani tsohon kasko a tsakar gida, na fito da tsohuwar tukunyar da muka zo da ita don gwaji. Na nuna musu cewa wutar mai ba a zuba mata ruwa, in ƙarama ce a kashe gas a kife mata murfi, in ta wuce haka ga jar tukunya. Kowa ta matso sai yarinyar da ta ƙone, tana laɓe a ƙofar ɗaki, hannunta naɗe da farin ƙyalle. Na je na kamo ta. Ta ce, "Don Allah Yaya ki bar ni." Na ce, "Ni ma ranar farko akuya na kashe wa gobara." Na tsaya a bayanta, na riƙe mata nauyin tukunyar, ta zare fil da lafiyayyen hannun, ta matsa. Da wutar ta mutu ta tsaya tana kallon kaskon, sai ta fashe da kuka, Hajiya ma ta share ido da bakin mayafi.

Abin da mata suka gani ba ya kwana a gida ɗaya. A gidan biki a faɗa, a gidan suna a faɗa, kafin dawa ta fitar da kai wayata ta fi ta Malam ƙara. Masu ƙuli-ƙuli, masu suyar awara da ƙosai, amaren da aka kai su da gas a cikin kayan ɗaki. Wasu su yi adashi su saya, wasu su tasa maigida a gaba har sai ya saya. Muka shiga Sabon Birni, muka shiga Lakwaya, har Kara garinmu na je na rataya a madafar matar yayana, mahaifiyata tana kallona tana girgiza kai.

Malam kuwa ya dage da koya min. Ya nuna min yadda ake karanta agogon, yadda ake kifa tukunya a kara kunne a ji ko hodar tana zuba ko ta dunƙule, yadda ake duba tiyo ko zanzaro ya toshe bakinsa da laka, yadda ake gane tsatsar da ta ci gindi har ba a sake amincewa da tukunyar. Ya ce duk wadda zan sauke in kai cikawa, in rataya ta aro a wurinta, kada in bar maratayi babu komai ko na yini ɗaya. Ya kai ni Kano wurin masu cikawa ya ce musu, "Ga maiɗakina, in ta zo kamar ni na zo." Ya yi magana da wani kawuna mai a-daidaita-sahu, wai saboda ranar da tukwane suka fi ƙarfin babur. Har gidajen mai da makarantun da shi kaɗai yake zuwa ya fara kai ni, ya koma gefe ya harɗe hannu ya bar ni in duba, in na gama ya bi bayana bai sami gyara ba. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Duk abin da ya koya min, a raina cewa nake na ƙara ɗaure shi. Kaka ta zo, aka yanke dawa, ban ji an sake zancen Abuja ba, ni ma ban tayar ba.

Wata ranar kasuwa aka kira mu Lakwaya. Wata mai ƙuli-ƙuli da na koya wa, mai ya kama mata da wuta a babban kasko, ga busasshen karan dawa an jingine a bangon madafar, ga jikokinta suna wasa a kusa. Ta ce ita ba ta ma san lokacin da ta fizgo tukunyar ba, sai ganin wutar ta yi ta mutu. Ko zanen jikinta bai ƙone ba. Muka tarar da gidan cike da mata, hoda ta yi fari a ko'ina, ana ta barka. Mijinta, wani dattijo, ya riƙe hannun Malam a ƙofar gida, sannan ya sa aka kamo mana zabi guda biyu aka ɗaure musu ƙafa. Na leƙo ta zaure na ga fuskar Malam, na ce a raina, alhamdu lillahi, na gama da Abuja.

A hanyar dawowa ina ta zuba, zabi suna ta kuka a gefen babur, shi kuwa idonsa na kan hanya. Da muka zo wata inuwa a bakin hanya ya tsaya ya kashe injin. Ya sauka, ni ma na sauka. Ya ce, "Yau hankalina ya kwanta."

Na ce, "Nawa ma."

Ya ce, "Shekarun nan duk, kin san abin da ya hana ni tafiya? Tukwanen nan da na rataya wa mutane. Tukunyar da babu mai duba ta gara babu ita, don mutum ya dogara da ita, ranar da ya zare fil ta ƙi tashi. Amana ce a wuyana, na rasa wanda zan bar wa. Yanzu ga ki, kin ma fi ni, don ke kina shiga inda ba na shiga. Zan kira ubangidana in ce masa ina zuwa."

Na daɗe ban gane Hausar da yake yi ba. Da na gane, wallahi da tukunya ce a hannuna da na sake ta a ƙasa.

"Tafiya za ka yi?"

"Ai ke kika buɗe min hanya."

"Ni? Ni na buɗe maka hanya? Malam, don ka zauna na yi! Don ka zauna na sha hoda, na huda bangon mutane, aka zage ni a gidajen mutane! Ashe duk koyarwar nan sallama kake yi da ni ban sani ba?"

Ya tsaya yana kallona da mamaki na gaske, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai. Bai yaudare ni ba. Shi a zatonsa na gane tun farko, taimakonsa nake yi ya samu ya tafi, har yana gode min a zuciyarsa. Na ce, "To tukwane ne suka riƙe ka. Ni fa? Ni ban isa in riƙe ka ba?"

Ya ce, "Ke ai tawa ce ko ina nake."

Na ce ya riƙe wannan maganar ya ba wa wata, ni ba ta ƙosar da ni ba. Na zauna a kan wani kututture na yi kuka mai isata, masu wucewa a kan babura suna rage gudu suna kallonmu. Ya tsuguna a gabana ya ce in na ce kada ya tafi, ba zai tafi ba. Kuma na san da gaske yake. Na buɗe baki zan faɗa, sai na dubi fuskarsa. Na zauna da mutumin nan shekaru, na san yadda idonsa yake in yana zancen aikin da ya baro, na kuma san yadda zai koma in na hana shi. Zai zauna, ya ci tuwona, ya yi min godiya, yana huda bango ɗaya-ɗaya har ya tsufa. Na kasa. Na ce, "Tashi mu tafi, zabin nan za su mutu da ƙishi."

Ya tafi bayan an gama sussuka. Yanzu shekaru sun shuɗe, babban ɗanmu har ya fi ni tsawo. Yana zuwa da sallah, wani lokaci da azumi, ya yi 'yan kwanaki ya koma. Ya yi min zancen mu koma can gaba ɗaya, amma ɗaki ɗaya suke kwana da abokan aiki, yau suna wannan gini gobe an tura su wani gari, ga Inna ta tsufa, ga kuma madafan mutane da yanzu a wuyana suke. Yakan turo min hoto yana kan tsani a cikin rufin wani bene, hular kwano a kansa, jan bututu ya miƙe a samansa har inda ido ya ƙare, yana dariya har kunne. Ina jin daɗin ganinsa haka, ina kuma jin haushi, duka biyun a lokaci ɗaya, kuma na daina ƙoƙarin raba su.

Kawu ne ke kai ni zagaye a a-daidaita-sahunsa. Mutumin kirki ne, amma rediyo yake kunnawa tun daga Gwarzo har Kabo, ni kuma in zauna a baya tsakanin tukwane ina kallon gonaki.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam yakan kira. Mu gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zo kan tambayar da ba ya fashi: "Injiniya, akwai abin da ya gagare ki? In akwai ki faɗa, in ajiye komai in taho." Kuma zai taho, na san shi. Duk mako sai na tsaya ina lalube. In bi gidajen mai a raina, in bi makarantu, in bi madafai tun daga Sabon Birni har Kabo, ina neman ko tukunya ɗaya da ta fi ƙarfina, ko bango ɗaya da ya ƙi huduwa. Da zan samu da na yi murna. Amma in bar ɗaya ta lalace don ya dawo, wace mace ce za ta zare fil ranar ta ƙi tashi?

Juma'ar da ta wuce ma ya tambaya. Na lalube, na lalube, na ce, "Babu."

Ya ce, "Ai na sani," muryarsa cike da alfahari. Sai na ji wani yana ƙwala masa kira daga nesa, ya ce min ana nemansa a sama, sai wani makon.